Ranar da Na Kumbura a Walimar Sanusi

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka yi walimar auren Sanusi a unguwar Manfuha ba. Ko na yi niyyar mantawa ma, akwai mutum kusan ashirin a Riyad, da wasu da ban san adadinsu ba a Maraɗi, waɗanda suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini har ranar da za a kai ni makwancina.

Ni direba ne. Shekara shida ke nan ina tuƙa wani Balarabe da ake kira Abu Nayif a unguwar Malaz, ɗakina yana nan jikin ƙofar gidansa. Shi ne kafilina, wato takardar zamana a ƙasar nan, iƙama, a hannunsa take. In ya sabunta ta, in ci gaba da aiki. In ya ƙi, in tattara komatsaina in koma Funtuwa, inda uwata da matata da 'ya'ya uku suke cin abinci daga wannan sitiyarin. A lokacin da nake ba ku labari saura mako uku ta ƙare. Na tuna masa sau biyu, ya ce, "In na dawo daga tafiya, in sha Allah." Duk wanda ya zauna a Saudiyya ya san "in sha Allah" ɗin kafili ba abin da mutum zai jingina da shi ya yi barci ba ne.

Maigidan nawa mutumin kirki ne, amma kowa da irin tasa haukar. Sa'o'insa suna kiwon shaho da raƙuman tsere, shi kuwa dusar ƙanƙara ce ta shiga ransa. Duk lokacin sanyi sai ya hau jirgi ya tafi duwatsun ƙasar Jojiya wasan zamiya a kan ƙanƙara. Kuma ba wurin da aka killace aka gyara wa jama'a yake zuwa ba, a'a, can bayan duwatsu yake shiga inda babu hanya babu kowa, shi da abokansa da ɗan jagora. (Mutumin da Allah Ya ba gida mai na'urar ɗumama ɗaki, ya tsallake teku neman sanyin da zai kashe shi. Ban taɓa faɗa masa haka ba, iƙamata na hannunsa.)

Wata biyu kafin tafiya, motarmu ta koma makaranta. Kullum da safe a hanyar ofis sai ya buɗe rahoton duwatsun a wayarsa yana karantawa da ƙarfi, yana yi mini bayani da Larabci gauraye da Turanci, don ba shi da wanda zai saurare shi a gida. A nan na ji cewa dusar ƙanƙara ba dunƙule ɗaya ba ce, hawa-hawa take kwanciya, kowace zuba da nata shimfiɗar. Wata shimfiɗar takan daskare ta yi ƙarfi, wata kuwa a ƙasa ta zama gari-gari kamar sukari, ba ta riƙe komai. In iska ta kwaso sabuwar dusa ta jibge a kan mai garin nan a gangaren dutse, daga sama sai ka ga wuri lafiya lau, fari tas. Mutum ɗaya ya taka, sai gefen dutsen gaba ɗaya ya tsage ya zaftare da shi. Haɗarin ma mataki biyar suka kasa shi. In ya ce "Yau biyu," sai in ce masha Allah. In ya ce "Yau huɗu," sai in girgiza kai in ce subhanallah, kamar an ce mini gonata ce a can.

Abin bai tsaya a nan ba. Wata Asabar ya sa na kai shi tuddan yashi a bayan gari. Ya ba ni wata 'yar na'ura, ya ce in je in binne ta inda bai gani ba, shi kuma ya zo da tasa tana ƙara yana nema, ya caka doguwar sanda, mu haƙa da shebur yana duba agogo. Ya ce wanda ƙanƙara ta binne mintuna kaɗan gare shi, abokan tafiyarsa ne kawai za su iya tono shi. Sau bakwai muka binne, sau bakwai muka tono. Wasu masu kiwon raƙuma suka tsaya daga nesa suna kallonmu, ina jin har yau suna ba da labarin mahaukata biyu.

To daga ranar nan ne kaina ya fara girma. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin firji ba, sai na wayi gari ina jin kaina malamin duwatsu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu ya tashi, ya aike ni wani shagon masu kayan ninƙaya, inda ake cika tukwanen iska, in karɓo masa jakarsa. Jakar goyo ce baƙa mai ratsin ja, kyakkyawa, an cika wata 'yar tukunyar iska da ke cikinta. Ya riga ya yi mini bayaninta: in ƙanƙara ta zaftare da mutum, akwai mariƙi a kafaɗar hagu, yana fizga sai wata ƙatuwar balan-balan ta kumbura a bayansa, ta taimaka masa ya tsaya a sama kada a binne shi. Ja ɗaya iskar take ƙarewa, sai an sake cikawa. Da na karɓo na kira shi, ya ce, "Sun cika?" Na ce sun cika, a gabana. Ya ce, "Khalas, ajiye ta a ɗakinka, Asabar da safe ka sa a mota." Ya kashe waya.

Washegari Juma'a ce, ranar hutuna, kuma ranar auren Sanusi. Sanusi abokina ne ɗan Maraɗi, yana aiki a wurin wankin mota. Bai samu hutu ba, don haka aka shirya a ɗaura auren a can gida, mu kuma mu taru a ɗakinsu a Manfuha bayan la'asar mu ci shinkafa, a haɗa mu da 'yan uwa ta bidiyo. Ga wanda bai sani ba, irin wannan rana ita ce ranar nuna wa gida cewa muna cikin daula. Kowa sai ya zo da abin da zai shiga hoto da shi: wani agogon aro, wani makullin motar kafili yana kaɗawa a yatsa. Na sa kaftanina na shadda, na kafa hula, har na kai bakin ƙofa sai idona ya faɗa kan jakar nan. Na ce a raina, makullin mota kowa na da shi.

Na goya ta. Ba goyo kaɗai ba, sai da na ɗaure ta yadda na ga maigida yana yi, da maɗaurin ƙirji, da na ƙugu, har da wani da ke bi ta tsakanin ƙafafu, wanda ya tattare mini kaftani ya mai da ni kamar mai shirin dambe. Haka na shiga motar haya daga Malaz har Manfuha.

Ɗakin su Sanusi a hawa na biyu yake, ɗan ƙarami, an jingine katifu a bango an shimfiɗa leda. Manyan farantan kabsa biyu a tsakiya, shinkafa da kaza sai tururi. An jingina wayar ango a kan robar ruwa, ana hango tsakar gidansu a Maraɗi, maza a tabarma, mata na leƙe daga baya. A kusurwa kuma Baba Mamman ne zaune da kofin shayinsa, dattijo ɗan Damagaram wanda ya yi shekara da shekaru yana haƙar rijiya a gida kafin ya zo nan yana gadin wani sito. Shi ne uban kowa a ɗakin.

Ina shiga aka ɗauki ihu. "Kai mutumina, yaƙi za ka?" in ji Sanusi. "Mi ne ne wannan ka goyo?"

Abin da nake jira ke nan. Na ƙi zama, na tsaya daidai inda wayar za ta ɗauke ni, na gyara murya. Na ce ai mu yanzu harkar duwatsu muke yi, ni da maigida. (Ku lura da "mu" ɗin nan. Iyakar dutsen da na taɓa hawa shi ne na bayan makarantar firamarenmu.) Na zuba musu duk abin da na kwasa a mota: shimfiɗa mai ƙarfi, shimfiɗa mai gari, iskar da ke jibge dusa a gefe ɗaya, mataki biyar na haɗari. Har sautin da ƙanƙara ke yi in ta nutse a ƙarƙashin ƙafar mutum sai da na kwaikwaya musu, "wuf!", alhali a bakin maigida na ji shi. Ɗaki ya yi tsit. A Maraɗi ma na ga wani tsoho ya matso kusa da waya.

Baba Mamman ne kaɗai bai yi mamaki ba. Ya kurɓi shayi ya ce, "Ai rijiya ke nan, ɗana. Ka samu laka mai tauri a sama, ka saki jiki, ashe rairayi ne a ƙarƙashinta. Ba ta saman ke kashe mutum ba, ta ƙasan ce. Su ma haƙawa suke su duba kafin su taka?"

Na ce ƙwarai kuwa, ɗan jagora yakan haƙa rami ya duba hawa-hawan. A gaskiya raina ya ɗan sosu, don a jumla uku tsohon nan ya faɗi abin da na yi minti goma ina kumfar baki a kai. Sai na ga dole in fito da abin da babu shi a rijiya. Na zuge zif ɗin kafaɗa, na zaro mariƙin, na ɗaga shi kowa ya gani, na yi bayanin balan-balan.

"Ka taɓa ja?" in ji Baba Mamman.

Jama'a, ga Maraɗi na kallo. Na ce, "Haba Baba, sau nawa kuma?"

"To mai da shi inda yake, kada ya tashi."

Na yi dariya irin ta manya. Na ce, "Ai ba haka kawai yake tashi ba, sai an sa ƙarfi. Kun gani, ko na yi haka…"

Na yi haka.

Wani ƙara ya tashi a bayan kunnena kamar tayar tirela ta fashe, sannan wani huci mai tsawo. Hulata ta yi gaba. Wani abu ja ya fito ta bayan wuyana, ta dama, ta hagu, yana girma yana ture duk abin da ya samu. Wani ya kwarma ihu, "Gas! Tukunyar gas!" Ɗaki ya kaure da salati. Mutum ya taka farantin kabsa, wani ya haye katifa yana neman taga, wayar ango ta kife cikin shinkafa.

Yanzu ga wurin da nake so a yi mini adalci, ko da yake na san ba za a yi ba. Ni ne na ja abin. Ni kaɗai ne a ɗakin na san mene ne. Amma da na ji "gas", wallahi na yarda. Ni ne na fara zabura, na tsallake mutum biyu na nufi ƙofa ina kiran "Wayyo Inna!" Kaina da ƙirjina suka fita, sauran suka ƙi. Balan-balan ɗin ta fi ƙofar faɗi. Na maƙale ƙam, ƙafafuna na gudu a wuri ɗaya, maza goma sha wani abu suna tura ni ta baya suna neman hanyar tsira, ni kuma na toshe ta. Na kai hannu in kwance jakar, maɗaurin tsakanin ƙafafu ya ce bai san zancen ba. Maƙwabta 'yan Bangaladash suka fito daga ɗakinsu suka tarar da kan mutum a bakin ƙofa, ba hula, da jan abu kewaye da shi, yana kiran uwarsa da wani yare.

Da hucin ya tsaya, sai aka ji wani sauti daga cikin shinkafa. Kukan mata ne. Mutanen Maraɗi sun ji fashewa, sun ji salati, sannan hoto ya ɗauke. Amarya ba ta yi awa ɗaya da aure ba, an fara yi mata jaje. Sanusi ya tono wayar yana share maiƙo yana rantsuwa, "Ina da rai! Wallahi ina da rai, Inna! Wani sakarai ne ya kumbura!"

Baba Mamman bai motsa daga kusurwarsa ba, ko shayinsa bai zube ba. Ya dube ni ta ƙarƙashin balan-balan ya ce, "Sau nawa ka ce ka ja, ɗana?"

Mutum uku suka taru kafin a ciro ni. Dariyar da aka yi ba zan iya kwatanta ta ba. Akwai wanda sai da aka ba shi ruwa. Ni kuwa na ja jakata na fita kan matakala, na matse iskar, na ninke balan-balan ɗin na cusa, na ja zif. Da na goge maiƙon sai ta koma sabuwa fil, kamar ba abin da ya faru. A nan shaiɗan ya zauna kusa da ni. Shagon a rufe yake ranar Juma'a, jirgi kuma da safe. Maigida ya riga ya tambaya na ce an cika, ba zai sake dubawa ba. Shekara nawa yana zuwa duwatsun nan bai taɓa jan abin ba? In na yi shiru, ya je ya dawo, ya sabunta mini iƙama, shi ke nan. In na faɗa, na ɗauki kayansa ba izini, na kai Manfuha, na yi wasa da shi a gaban jama'a. An kori direbobi a kan abin da bai kai wannan ba.

Ban ji fitowar Baba Mamman ba sai da ya zauna a matakalar da ke sama da ni. Ya dubi jakar, ya ga yadda na gyara ta tsaf.

"Ta yi kyau," ya ce. "Kamar da iska a ciki."

Na ci gaba da murza zif ɗin.

"Ƙanena Idi a rijiya ya rasu," in ji shi. "Ba ƙasa ce ta rufta masa ba. Igiya ce. Wanda ya ara ya dawo da ita ta ɗan ci a wuri ɗaya, ya ji kunyar faɗa, ya naɗe ta yadda wurin ba zai fito ba. Mutumin kirki ne, har yau muna gaisawa. Shekara talatin ke nan bai iya kallon idona ba." Ya miƙe yana dafa bango. "Taso ka ci shinkafa, wadda ba a taka ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin nan ba, kuma ba kunyar ƙofa ba ce. Ta ƙofa wauta ce kawai. Wannan kuwa, na zauna ina lissafin ran mutumin da ya yarda da maganata, ina auna shi da katin roba na iƙama.

Asabar da safe na sa kaya a mota, na riƙe jakar a hannu na tsaya a bakin ƙofa. Abu Nayif ya fito yana waya, ya ce, "Yalla, mun makara." Na ce, "Ranka ya daɗe, jakar nan babu iska a ciki. Ni na ja." Na faɗa masa komai, ban rage ba sai kiran Inna.

Ya kashe wayar. Ya buɗe jakar ya duba wata 'yar allura a jikin tukunyar, wadda ni ban ma san da ita ba, ta kwanta a ƙasa. Ya daɗe yana kallonta. "Da ba ka faɗa ba, ba zan duba ba," ya ce a hankali. "Ka ce an cika, ba zan duba ba." Muka kama hanyar filin jirgi. Da zai sauka ya ɗauki jakar da kansa, ko sallama bai yi mini ba.

Kwana goma ya yi. Kwana goman nan kullum da safe sai na buɗe rahoton duwatsun Jojiya a wayata, ni da ba na gane rabin abin da ke ciki, in nemi lambar kawai. Uku. Huɗu. Huɗu. Huɗu. Ina yi masa addu'a, ina yi wa iƙamata, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na san wadda ta fi yawa ba.

Ranar da na ɗauko shi, mun yi nisa a hanya kafin ya yi magana. Ya ce an cika masa tukunyar a can, amma ko sau ɗaya ba su shiga bayan duwatsu ba. Ɗan jagoransu ya haƙa rami ranar farko, ya zura hannu a ƙasa ya ɗebo gari kamar sukari, ya buga saman da shebur sai ya zame gaba ɗaya. Jagoran ya ce ba inda za shi, wanda ke son mutuwa ya tafi shi kaɗai. Sun yi fushi, sun yi ta shan shayi a masauki. A kwana na huɗu gangaren da suka yi niyyar bi ya zaftare da kansa, suna kallo ta taga.

"A dutse," ya ce, "ba na tafiya da wanda zai ji ƙanƙara ta tsage ya yi shiru." Ya danna wayarsa na ɗan lokaci, sai tawa ta yi ƙara a aljihu. Ban duba ba, ina tuƙi, amma na san saƙon sabunta iƙamata ne. Ina shirin yin godiya mai tsawo sai ya katse ni.

"Mai dafa mana abinci ya ce wai a ƙofa ka maƙale. Sahih?"

Na ce sahih.

"Akwai bidiyo?"

Akwai. Ɗaya daga cikin maƙwabtan nan ne ya ɗauka. Sau uku ya kalla kafin mu kai Malaz, a na ukun sai da ya ce in tsaya gefen titi don ya yi dariyarsa a natse. Ya tambaye ni ma'anar "Wayyo Inna", na fassara masa.

Yau shekara biyu ke nan. A Manfuha ba wanda ke kirana da sunana, Alhaji Balan-balan nake, kuma an ce a Maraɗi in yaro ya cika baki sai a ce masa ya yi a hankali kada ya kumbura. Jakar tana nan a gidan maigida, ta je Jojiya ta dawo sau uku, kuma a duk tarihinta mutum ɗaya ne ya taɓa amfani da ita: ni, a hawa na biyu, a garin da babu ƙanƙara. Abin da na koya shi ne, in za ka ari kayan mutane don Maraɗi ta gani, ari makullin mota kamar kowa. In kuwa ka riga ka ja abin da bai kamata ka ja ba, to ka faɗa tun mai igiya bai shiga rijiya ba.